Bazara Ta Shigo, Ina Iyaye Maza?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a madadin iyaye, a taron iyaye da malamai na makarantar firamare ta unguwa, a nan Jos, gab da hutun zango na biyu.



Shugaban wannan taro, Allah Ya ƙara girma. Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Malam Hedimasta da malamansa maza da mata, limamai da dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Da farko dai muna neman afuwa, domin mu ba 'yan boko ba ne. Iyakar karatunmu allo da Islamiyya, daga nan sai rumfar kasuwa. Da aka ce mu ne za mu yi magana a madadin iyaye, sai da muka ce a nemo wani mai takardu. Aka ce ai maganar ba ta takardu ba ce, ta iyaye ce. To, shi ke nan. Idan harshe ya yi tuntuɓe, malamai sai ku gyara mana kamar yadda kuke gyara wa 'ya'yanmu, amma don Allah ban da bulala.

Kafin mu yi nisa, kowa ya ɗan waiwaya ya dubi ɗakin nan. Wane ɓangare ne ya cika har wasu na tsaye a bakin taga? Na mata. Wane ɓangare ne mutum zai iya miƙe ƙafa ya kwanta a kan benci? Namu na maza. Kuma takardar gayyata iri ɗaya aka aika kowane gida. Da ɗaurin aure ne a Masallacin Juma'a, ko rasuwa a Unguwar Rogo, da yanzu babu masaka tsinke. Wannan shi ne abin da ya kawo mu, sauran duk rassa ne.

Jama'a, kun san Jos garin sanyi ne, har mutanen Kano da Sakkwato suna yi mana dariya idan muka ce ana zafi. Amma duk da haka watan Maris da Afrilu muna ji a jikinmu. Hunturu ya wuce, rijiyoyi sun yi ƙasa, famfo sai wanda ya gani, ƙura ta ko'ina. A wannan lokaci ne yaro yake zama ƙarƙashin kwano tun safe har azahar, su cika aji kamar an cusa kaji a akurki. A wannan lokaci ne ƙyanda da sanƙarau suka fi yawo, waɗanda suka yi wayo ba su manta annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa ba. Ga shi kuma 'yan shekarun nan azumi ya riƙa faɗowa a tsakiyarsa: a 2023 an ɗauka ran 23 ga Maris, a 2024 ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris. Wato yaro ɗan aji biyar da ya fara gwada azumi, ga zafi, ga ƙishirwa, ga jarrabawar ƙarshen zango. Sa'an nan a yi hutu, a dawo zango na uku, sai hadarin farko ya taso da iska, wani lokaci har da ƙanƙara, wadda mu a tudun nan mun san ta fiye da kowa. Idan akwai lokacin da makaranta take bukatar idon uba, to wannan ne. Kuma shi ne daidai lokacin da muke ɓacewa.

Bari mu ba ku labarin kanmu, don kada a ce muna nuna wasu da yatsa. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake ce wa UPE. Lokacin muna ƙanana, wasunmu an kai su, wasunmu kuwa iyaye suka ce a'a, allo da Islamiyya sun isa, ga rumfa tana jira. Ba mu zargin iyayenmu, Allah Ya jiƙansu da rahama, abin da suka sani shi suka ba mu, kuma da shi muke cin abinci har yau. Islamiyya ta koya mana tsarki da salla da lissafin gado da sanin halal da haram a ma'auni. Ba za mu taɓa raina ta ba. Amma sai Allah Ya nuna mana aya. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone. Waɗanda suka tsaya a wurin da safiyar nan sun san abin da muke faɗi. Mutum ya kwana da shago cike da atamfa da shadda, ya wayi gari da mabuɗi kawai a aljihu. To, a cikin sa'o'inmu da aka yi asara tare, wanda yake da takardar makaranta ya je ya nemi wani aiki ya riƙe iyalinsa kafin ya farfaɗo. Mu kuwa muka koma bakin titi muka shimfiɗa leda. Ko takardar da aka ce a cike ta lissafin asara, sai da muka nemi wanda zai karanta mana, ka tona wa yaron maƙwabci sirrin dukiyarka da basussukanka kaf. Tun ranar muka gane cewa abin da ke cikin shago wuta na iya cinyewa, abin da ke cikin kan yaro kuwa ba ta da hanyar isa gare shi.

Amma kun san ɗan Adam da mantuwa. Da kasuwa ta ɗan dawo, sai muka koma gidan jiya. Mai wannan jawabi da kansa, wata shekara uwar yara ba ta da lafiya, dole ta sa muka zo karɓar takardar sakamako. Muka tsaya a ƙofar aji huɗu muna tambayar yaro. Malama ta dube mu ta ce, “Alhaji, ai ɗanka tun bara ya bar wannan aji, yana aji biyar.” Wallahi da ƙasa za ta tsage da mun shige. Mun san farashin kowane yadi a Kantin Kwari, mun san ranar da motar kaya za ta taso daga Kano, amma ajin ɗanmu na cikinmu ya ɓace mana. Kuna dariya. To, a cikin mazan da ke nan, wanda ya san sunan malamin ajin ɗansa ya ɗaga hannu. Kun gani ko? Mu rufa wa juna asiri.

Abin da muke fakewa da shi shi ne, ai ba mu iya boko ba, in mun duba littafin me za mu gane? Wannan hujja ba ta karɓuwa daga bakin ɗan kasuwa. Mu da muke duba littafin bashi kullum kafin mu rufe shago? Idan yaron shago ya yi maka coge a lissafi, ko da wane irin rubutu ya yi, kana ganowa. Littafin yaro ma haka yake. Ka ce ya kawo jakarsa bayan sallar isha'i. Ka buɗe. A saman kowane shafi akwai kwanan wata, lamba ce, kowa ya san lamba. Idan ka ga daga ran 4 an yi tsalle sai ran 15, to akwai magana: ko yaro ba ya zuwa, ko malami ba ya shiga. Ka duba jan biro. Shafin da babu jan biro, ba a duba aikin ba. Ka ce ya karanta maka layi biyu da ƙarfi, ko ba ka jin Turanci za ka bambance mai karatu da mai in'ina, kamar yadda ake gane mai tilawa da wanda bai iya haddarsa ba. Mu da muka yi Islamiyya mun san amfanin muraja'a, mun san abin da ba a maimaita ba guduwa yake yi. Wannan duka bai kai minti goma ba, bai kai lokacin da muke ɓatawa a teburin mai shayi muna gardamar siyasa ba. Kuma yaron da ya san Baba zai buɗe jaka yau, ba ya zama kamar wanda ya san ba mai tambayarsa.

Sai maganar da za ta ɗan yi ɗaci, a yi haƙuri. Wannan lokaci ne na kayan lambu. Tumatir da tattasai da kabeji da karas na noman rani suna ta shigowa Farin Gada, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. A Katako ma hada-hada ba ta tsayawa. Sai ka ga uba ya ce wa ɗan shekara goma, yau kada ka je makaranta, zo ka tsare mini kwanduna. Yau ɗaya, gobe ɗaya, sai mako ya tafi, kuma makon bitar jarrabawa. Yaro ya ɗanɗana kuɗin dako, ya ji 'yan canji a aljihu, daga nan benci ya fara yi masa zafi. Malamai sun gaya mana, kuma mun yarda da su, cewa yaran da ba sa dawowa bayan wannan hutu ba rana ɗaya suke yanke shawara ba, a hankali ake zare su kamar zare daga bakin zane. Iyayenmu mata, ku ma ba mu bar ku ba. Yarinya ta tashi da asuba ta zaga da ƙosai ko koko, sai farantin ya ƙare za ta sa yunifom. Ta iso an gama darasin farko, wanda galibi lissafi ne, ta sha bulalar latti, ta zauna tana gyangyaɗi. Ƙarshen zango a ce yarinyar nan ba ta da ƙwaƙwalwa, gara a yi mata aure. Alhali ita ce mai lissafin canjin mutum ashirin a ka ba tare da ta yi kuskuren ko sisi ba! Mun san halin da ake ciki, mun san akwai gidan da in ba a yi tallar nan ba ba za a ɗora tukunya ba, musamman gidajen marayu da rikice-rikicen garin nan suka bar mana. Ba mu ce a daina neman halal ba. Amma a mayar da shi bayan an tashi, ko Asabar da Lahadi. Mu kuma 'yan kasuwa da Allah Ya ɗan buɗa wa, zakka da sadakarmu da muke aikawa nesa, mu fara duba lungunmu.

Ga masu son jin doka kuma, akwai ta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya tabbatar ɗansa ya gama firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Wanda ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya sake Naira 5,000 ko wata biyu. Kuɗin dai a yau ba su taka kara sun karya ba. Amma abin kunya ne a ce sai hukuma ta tuna wa mutum haƙƙin abin da ya haifa.

A gefe guda kuma kada mu zama masu ɗora wa jaki kayan raƙumi. Yaranmu karatu biyu suke yi, wasu uku: boko da safe, Islamiyya da yamma, allo da dare. Mu ne muka fi kowa son haka. Amma a wannan zafi, yaro ya dawo ƙarfe ɗaya ko biyu, a bar shi ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa kafin la'asar, kada a ce tun daga ƙofa ɗauki jarka ka tafi neman ruwa. A ba shi gorar ruwansa ya tafi da ita makaranta. Malaman Islamiyya da na boko kuma, don Allah ku riƙa gaisawa kuna sanin ranakun jarrabawar juna, ɗa ɗaya kuke rabawa. In an yi hutu kuwa, a sa ido a kan masu zuwa wanka a rafin Dilimi da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Ruwan nan a ido shiru yake, amma zurfinsa ya wuce tunani, kuma ya ci 'ya'yan mutane da dama.

Yanzu mu zo kan gini, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗazu kafin a fara taro Malam Hedimasta ya zaga da mu. Mun ga kwanon ajujuwan baya ya ɗaga, an danne shi da duwatsu da tsohuwar taya. Mun ga katakon rufi da gara ta cinye. Mun ga bangon da ya tsage daga taga har ƙasa. Jama'a, iskar farkon damina ba ta neman izini. Kuma babu wanda ya manta abin da ya faru a Busa Buji ran 12 ga Yulin 2024, da wata makaranta mai bene ta rufta a kan yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Mun ga iyaye suna tonon ƙasa da hannu. Ba a tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba a ranar, kuka iri ɗaya aka yi. Allah kada Ya maimaita mana. Haka nan ba mu manta ambaliyar Yulin 2012 da ta share gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba, ga shi kwatar da ke bayan makarantar nan ta toshe da leda.

Za a ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma za mu rubuta wa hukuma, Mai Unguwa zai sa hannu, za mu bi sawu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ɗan gwamnati ne zai zauna a ƙarƙashin kwanon nan ba, namu ne. A cikin iyayen makarantar nan akwai kafintoci, akwai magina, akwai masu sayar da katako a Katako, akwai masu kwano da ƙusa. Masallatan unguwar nan duka da wa aka gina su? Da kuɗinmu da guminmu, ba mu jira kowa ba. Abin da muke roƙo kawai shi ne a yi abin a fili. Duk abin da aka tara a rubuta, a karanta a gaban jama'a, a manna a jikin allo, domin abin da ya kashe taimakon baya ke nan, a karɓa a yi shiru. Ɗan kasuwa ba rowa gare shi ba, lissafi yake son gani.

Akwai kuma wani abu mai daɗi a zango mai zuwa, kada a ce duk faɗa muka zo yi. Malamai suna shirin kai 'yan aji biyar da shida gidan tarihi. Wasunmu an haife mu a garin nan, mun yi furfura, amma iyakarmu gidan zoo ranar Sallah, ba mu taɓa leƙa ginin da ke maƙwabtaka da shi ba. Tun 1952 aka buɗe shi, wani Bature mai suna Bernard Fagg ya kafa shi. A ciki akwai kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Akwai tsohon kan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogo da ya haɗa Zariya da Jos a 1914, aka rufe shi a 1957. Kakannin da yawa daga cikinmu ta wannan hanya suka hau tudun nan, wasu kuma da ƙafa da jakuna, neman aikin kuza da fatauci. A can baya kuma an gina kwatankwacin ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina. Yaron da aka haifa a Ali Kazaure ko Yan Shanu, wanda bai taɓa ganin Kano ba, zai tsaya a gindin katangar ya ɗaga kai. To, wa ya fi cancanta ya tsaya kusa da shi ya ce, kakanka ta nan ya fito, ga abin da ya kawo shi? Malama ba ta san labarin gidanku ba. Muna neman iyaye maza da za su rufe shago rabin yini su raka su. Wanda yake da bas ya ba da aro, Allah Ya saka masa.

Haka nan ran 27 ga Mayu, Ranar Yara, makarantu suna fita fareti. Mun san tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, har akwai unguwannin da uwa ba ta yarda ɗanta ya taka. Ba mu ga laifin uwa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu da muka tashi muna buga ƙwallo da 'ya'yan Birom da Anaguta da Afizere da Ibo da Yarbawa, har yau da wannan sanayya muke ciniki, da ita muke sayen dankali a Bokkos da Mangu. 'Ya'yanmu fa, a ina za su samu tasu? Irin wannan fita tana cikin 'yan wuraren da suka rage. Maimakon a hana yaro zuwa, uba ya bi shi ya tsaya a gefe. Malaman da ba Musulmi ba kuma, waɗanda suke tsallako unguwanni kullum su zo su koyar da 'ya'yanmu, amanarsu tana wuyanmu. Mu riƙa tsayawa muna gaishe su a hanya, yara suna gani.

Tun da an ambaci malamai, wata 'yar magana. Uban da bai taɓa zuwa taro ba, bai taɓa karɓar sakamako ba, ranar da aka tsawata wa ɗansa sai ga shi da babbar riga yana huci a ƙofar aji. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. A makarantar allo ubanka ne yake kai ka ya damƙa wa malam. Idan akwai ƙorafi, kuma wani lokaci akwai shi da gaske, ofishin Hedimasta a buɗe yake, a shiga da sallama, ba a gaban yaro ba. Ku ma malamai, a rage duka a wannan zafi, kuma a shiga aji a kan lokaci, domin yanzu za mu fara duba kwanan wata.

Saura iyayen 'yan aji shida. Zango mai zuwa ne na ƙarshe gare su. Masu son 'ya'yansu su gwada shiga makarantun gwamnatin tarayya, kamar wadda ke nan Jos ko ta 'yan mata da ke Langtang, hukumar NECO ce take shirya jarrabawar, kuma yanzu ta intanet ake rajista. Kada a jira ranar rufewa. A nemo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yanzu, a tabbatar sunan da ke jikinta shi ne wanda ke rajistar makaranta. Mu ne da laƙabi: a gida Abba, a Islamiyya Muhammadu, a boko an rubuta Sani. Wannan ƙaramin abu ya wahalar da manyan yara a gaba, sai an je kotu an yi rantsuwa. A jikin takardar kuma akwai gurbin jiha da ƙaramar hukumar asali, kowa a nan ya san nauyin wannan tambaya ga ɗan da aka haifa a Jos, aka haifi ubansa a Jos. Ba yau za mu warware ta ba. Amma uba ya zauna ya yanke abin da za a rubuta da saninsa, ya riƙe shi a duk takardun yaro, kada a bar wa mai shagon kwamfuta ya cike abin da ya ga dama.

Shugaba yana duban agogo, kuma la'asar ta gabato. Abin da kwamiti ya tsayar shi ne, ranar Asabar ta farkon hutu, bayan sallar asuba, za a hallara a nan. Kafintoci su zo da kayan aikinsu, matasa su zo da shebur da baro don kwata, iyayenmu mata sun yi alkawarin koko da ƙosai. Akwai littafi a kan tebur a bakin ƙofa, wanda zai ba da kwano ko katako ko ƙusa ko kuɗi ya tsaya a rubuta kafin ya fita, haka nan masu raka yara gidan tarihi. Mata kuma, in kun koma gida, ku gaya wa masu gidan cewa an tambaye su.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da garinmu lafiya.